Jiƙon alkama mataki-mataki a tukunyar lantarki mai famfo: littafin aiki

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan littafi, domin na gaji da dogaro da ƙwaƙwalwa. Shekara biyu ke nan ina dafa giyar sha'ir a tukunyar lantarki, kuma kullum a kan zafi ɗaya nake jiƙa tsiro, wato hatsin da aka bari ya fara tsirowa sannan aka busar: in kai ruwa digiri 66, in zuba ɓarzajjen tsiro, in bar famfo ya yi ta zagayawa da ruwan har awa guda, shi ke nan. Hanyar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma giyar alkama irin ta Bafariya, wadda Jamusawa ke kira Weissbier ko Hefeweizen, sau biyu ina yin ta haka, sau biyu tana fitowa da ƙamshin ayaba zalla. Kanumfarin sai an lalubo shi da ƙyar, alhali shi nake nema.

Ba a zuba ayaba ko kanumfari a wannan giya. Dukkansu aikin yis ne, wato ƙwayoyin halittar da ke cin sukari su mayar da shi barasa. Ƙamshin ayaba daga wani sinadari yake da ake kira aisoamil asitet, na kanumfari kuma daga 4-vinyl guaiacol, wanda masu sana'ar ke taƙaitawa 4-VG. Yis ba ya ƙirƙirar na biyun daga iska, sai ya sami asid ɗin ferulik a cikin ruwan tsiro sannan ya juya shi. Shi kuwa ferulik a ɗaure yake a jikin bangon ƙwayoyin hatsin, kuma enzayim ɗin da ke kwance shi ya fi kuzari a digiri 43 zuwa 45 (enzayim su ne sinadaran cikin tsiro masu farfasa sitaci, furotin da makamantansu). Da zarar ka zuba tsiro kai tsaye a 66, ka tsallake shi tun bai fara aiki ba. Dalilin jiƙon mataki-mataki ke nan: a fara daga ƙasa, a ɗan dakata, a hau, a sake dakatawa, kowane enzayim ya sami lokacinsa.

Tukunyata irin ta komai-a-ɗaya ce. Hita mai wat 2000 tana ƙarƙashin gindi. A ciki akwai kwandon ƙarfe mai raga a ƙasansa, nan tsiro ke zama. Famfo na jan ruwa daga ƙasan kwando, inda hita ke dumama shi, ya tura shi ta bututu ya zubo a saman tsiron, ya tsatso ƙasa, a sake. Akwai bawul a kan bututun na rage gudu, da ma'aunin zafi a gindi wanda ke gaya wa kwantirola lokacin kunna hita. A takarda, babu na'urar da ta fi wannan dacewa da hawa mataki: ka danna lamba, ta kai ka.

Abin da na auna: tsiron alkama kilo 2.8, tsiron sha'ir na Pilsner kilo 2.2, wato alkama ta kai kashi 56 cikin 100. A Jamus ba a kiran giya da sunan Weissbier sai alkamar ta kai rabi. Abin sha'awa, dokar tsarkin giya ta Bafariya ta 1516 sha'ir kaɗai ta ambata da ruwa da furen hof mai ba giya ɗaci, don haka giyar alkama ta daɗe tana zaman gata na musamman: gidan sarauta na Degenberg ne suka riƙe izinin, ya koma hannun sarakunan Wittelsbach masu mulkin Bafariya a 1602, sai a 1872 wani mai dafa giya, Georg Schneider, ya karɓi haƙƙin dafa ta. Yis ɗina kuwa na zuriyar Weihenstephan ne, cibiyar dafa giya da nazarinta a Bafariya, wanda ake sayarwa da lamba 3068.

Matakan da na tsara: 44 na minti 20, 52 na minti 15, 63 na minti 40, 72 na minti 20, 78 na minti 10.

Asabar, 18 ga Janairu

Dahuwar farko. Ba ta yi kyau ba, kuma zan rubuta komai yadda ya faru.

Na ɓarza alkama da sha'ir tare a tazarar milimita 1.0, kamar yadda na saba. Ruwa lita 17. Na zuba tsiro a 45, na juya da muciya har dunƙule ya watse, na ɗora ragar sama, na kunna famfo nan take, bawul a buɗe gaba ɗaya. Ruwan da ya fara fitowa a bakin tiyo fari ne fat kamar madara, kuma da kauri. Da sha'ir zalla a 66, cikin minti goma farin nan ke washewa. Yau minti ashirin suka cika yana nan yadda yake. Na ga haka, amma ban tsaya na yi tunanin ma'anarsa ba.

Na danna 52, hita ta kama da cikakken ƙarfi. Ya hau lafiya. A tsakiyar wannan dakatawar na lura ruwa ya taru a saman ragar, ya kusa bakin bututun rara, kuma muryar famfo ta sauya, ta koma wani ƙugi-ƙugi kamar yana shan iska. Na rage bawul kaɗan, na ci gaba. Da na danna 63, lambar kwantirola ta yi tsalle daga 52 zuwa 61 cikin abin da bai kai minti uku ba. Lita goma sha bakwai ba sa ɗumama da wannan sauri. Abin da ya faru shi ne tsiron ya toshe, ruwan duk ya maƙale a sama, ƙasan kwando ya rage 'yan lita kaɗan, su ne hita ke ta gasawa.

Ƙanena ne ya fara jin warin daga bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, wani abu na ƙonewa a tukunyar nan." Kafin in kai hannu, makashin kariya na tukunyar ya yanke wuta da kansa.

Na kashe famfo, na cire ragar sama. Tsiron ya danne ya zama curi ɗaya, muciya ta tsaya a ciki cak ba ta faɗi ba. Na fasa shi, na ƙara ruwan zafi lita biyu, na jira tukunyar ta huce har ta yarda ta sake kamawa. Kusan minti arba'in jiƙon ya yi yana yawo tsakanin 50 da 57. Sauran matakan na lallaɓa su da rabin wuta. Tacewa ta ci sama da awa ɗaya, ɗigo-ɗigo. A ƙarshe na sami lita 20 a nauyin 1.043, alhali 1.050 na nufa (nauyin nan shi ke nuna yawan sukarin da ke cikin ruwan; ruwa zalla 1.000 ne).

Na sanyaya, na zuba yis duk da haka. Ina son in ga halin yis ɗin, ko da giyar ba za ta shawu ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Wankin tukunya ya gaya mini abin da kwantirola bai faɗa ba. A gindin, daidai da'irar hita, akwai ƙanzo baƙi ƙirin, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, gefensa ruwan ƙasa mai danƙo. Farce bai ɗaga shi ba. Sai da na jiƙa shi da ruwan zafi da garin wanki na awa uku, sannan ya fara ɓamɓarowa ɓawo-ɓawo. Na karya wani ɓangare na duba: samansa gari ne fari-fari da bai ko dahu ba, ƙasansa gawayi.

Farin ruwan nan na jiya ke nan. A digiri 44 sitacin alkama bai kumbura ya narke ba, sai an haura 50 da ɗoriya yake farawa, na sha'ir ma ya fi haka. Don haka duk garin da ya kuɓuce ta raga, gari yake zama, ya kwanta a gindi tare da furotin, hita kuma ta toya shi. Wanda ke jiƙo a 66 bai san wannan matsala ba, domin sitacinsa yana narkewa tun a mintunan farko.

Toshewar kuma daga ƙirar alkama take. Ƙwayar sha'ir tana da ɓawo, shi ke zama matata ya buɗe wa ruwa hanya a tsakanin gari. Alkama tsirara take zuwa, ba ɓawo, ga yawan furotin, ga wasu sinadarai masu yauƙi da ake kira arabinozailan. Na cika fiye da rabin kwando da ita, sannan na sa famfo ya yi ta tsotso daga ƙasa da dukkan ƙarfinsa tun tsiron bai sha ruwa ya kumbura ba. Ni na danne shi da hannuna.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau ba tsiro, ruwa zalla. Na so in san na'urar da nake aiki da ita.

Da farko na gwada dogon ma'aunin zafina na hannu a cikin ruwan ƙanƙara, ya nuna 0.3. Ya isa. Na kwatanta shi da na tukunya a 45 da 65 da 75, famfo na gudu. Bambancin bai wuce rabin digiri ba. Ashe ma'aunin gindi ba ƙarya yake yi ba. Gaskiyar inda yake zaune yake faɗa, kuma inda yake zaune ba cikin tsiro ba ne.

Sai lissafin hawa. Kowace lita ta ruwa tana cin kilojul 4.18 kafin ta ƙaru da digiri ɗaya. Busasshen tsiro na cin wajen kashi 40 cikin 100 na haka, don haka kilo 5 kamar lita 2 ne na ruwa. Lita 20 da tsiro sun zama lita 22, wato kilojul 92 a kowane digiri. Wat 2000 za su biya wannan cikin daƙiƙa 46. Wat 1000 cikin daƙiƙa 92, in aka haɗa da zafin da ke tserewa ta jikin tukunya ya doshi minti biyu. Agogo ya yarda da takarda.

Wannan lissafi ya sa na soke mataki guda. Daga 44 zuwa 63 digiri 19 ne. Da rabin wuta, hawan zai ci sama da rabin awa, kuma wajen minti goma daga ciki jiƙon zai yi su tsakanin 50 da 55, inda enzayim masu yanka furotin ke aiki. To me zai sa in ƙara tsayawa a 52? Tsiron zamani an riga an sarrafa shi sosai tun a gidan tsiro, kuma furotin ɗin da ake yankawa shi ne ke riƙe kumfa da ba giya jiki. Giyar alkama da ba kumfa ba ta cika sunanta ba. Na ga mutane da yawa na kwafo jadawalin mataki biyar daga tsofaffin littattafai ba tare da sun duba saurin hawan tukunyarsu ba, kuma ni ma haka na yi makon jiya. A tukunya mai hawa a hankali, hawan kansa mataki ne.

Na kuma auna ruwan da ke ƙarƙashin kwando, wanda ba ya taɓa tsiro: lita 3.5. Ke nan lita 17 ɗina na ranar, 13.5 ne kawai ke tare da tsiro, lita 2.7 a kowane kilo. Ya yi kauri ga alkama. Zan koma lita 20.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Giyar farko ta gama tsima, ta tsaya a 1.010. Na ɗebo rabin kofi. A hanci akwai kanumfari, ƙarara, fiye da duk wanda na taɓa samu, kuma wannan ya faranta mini rai. A baki kuwa ƙauri ya rufe komai, ɗaci irin na toka da ke maƙalewa a bayan harshe. Ƙauri ba ya fita da ajiya. Na zubar da ita duka, na wanke bokitin.

Na sayo ɓuntun shinkafa. Ba ya ba da ɗanɗano ko sukari, aikinsa kawai ya tsaya a madadin ɓawon da alkama ba ta da shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Dahuwa ta biyu, awo ɗaya da na farko.

Wannan karon dabam-dabam na ɓarza. Sha'ir na fesa masa ruwa kaɗan, wajen mililita 45 ga kilo 2.2, na gauraya na bar shi minti goma sha biyar, sannan na wuce da shi a tazarar 1.3. Ɓawon ya fito a buɗe kamar 'yan kwale-kwale maimakon ya dagargaje. Alkama ƙwayarta ta fi ƙanƙanta da tauri, ita na bar ta a 1.0. Ɓuntu giram 250, na ɗauraye shi sau biyu, ruwan farko ya fito da ƙura ja-ja, na bar shi a jiƙe don kada ya shanye mini ruwan tsiro. Na watsa tafi biyu a kan ragar ƙasa, sauran na cakuɗa da tsiro.

Ruwa lita 20 a digiri 46. Na zuba tsiro kaɗan-kaɗan ina juyawa, ya zauna a 44. Sai na kashe famfo da hita duka, na rufe, na naɗe tukunyar da bargo. Minti goma ban taɓa komai ba. Da na buɗe, tsiron ya kumbura ya tashi, yana lilo a cikin ruwa in ka girgiza kwandon, zafin ya sauka digiri ɗaya kacal.

Ban sa asid ba tukuna, da gangan. Enzayim ɗin da ke sakin ferulik ya fi son pH (ma'aunin tsami, wanda ke sauka in an ƙara asid) wajen 5.7, sama da 5.2 zuwa 5.4 da ake so lokacin juya sitaci. Na ɗebi cokali biyu, na sanyaya, na auna: 5.72. Na bar shi haka.

Na kunna famfo da bawul a rufe, sannan na buɗe shi a hankali har ruwa ya fara zuba siriri kamar kaurin fensir. Na sa alama da tef a jikin kwando, daidai saman ruwa, domin ita ce za ta gaya mini gaskiya: in ruwa ya haura alamar, tsiro ya fara toshewa, in rage. Sau ɗaya ya haura da faɗin yatsa, na rage, ya dawo. Minti 20 suka cika, na zuba asid ɗin laktik mililita 3, na saita hita a wat 1000, na danna 63.

A nan ne na fi koyon abu. Na soka dogon ma'auni a tsakiyar tsiro, ina rubuta lambobi biyu duk minti biyar. Kwantirola na cewa 50, tsakiya na cewa 47. Yana cewa 57, tana cewa 53. Lokacin da ya yi ƙara ya ce an kai 63, tsakiyar tsiro tana 59, kuma sai bayan minti tara ta iso. Da na bar na'ura ta fara ƙirga da kanta, da kusan kwatan dakatawar ya tafi a zafin da ban nufa ba. Zafi ba ya shiga tsiro sai ta ruwan da ke ratsa shi, don haka duk yadda ka rage gudun famfo don gudun toshewa, haka tazarar nan ke ƙaruwa. Abu biyu ne ke jan igiya, kuma bawul ne a tsakiyarsu. Daga yau agogona ba ya farawa sai tsakiya ta kai.

Wajen 58 zuwa 60 ruwan ya yi kauri na ɗan lokaci, alamar sitaci na kumbura, ruwa ya ɗan haura tef. Na kashe famfo da hita, na juya saman tsiron a hankali ba tare da na kai ƙasa ba, na sake kunnawa. Bayan minti goma a 63 sai abin ya sake. Ina kallon tiyo, farin madarar nan ya koma ruwan hazo, ya koma kalar bambaro, har na fara hango yatsana ta bayan tiyon. Na ɗanɗana: zaƙi ya fara. Daga nan na buɗe bawul zuwa rabi, ruwa bai motsa daga alama ba.

Minti 35 a 63, inda beta-amiles ke yanko maltos, sukarin da yis ke ci. Sai 72 na minti 25, inda alfa-amiles ke farfasa abin da ya rage, ya bar sukari masu nauyi da ke ba giya jiki. Wannan hawan na yi shi da wat 1500, tunda ba sauran ɗanyen gari. Na ɗiga ruwan a farin faranti, na sa ɗigon aidin: bai yi baƙi ko shuɗi ba, kalarsa ya riƙe, alamar ba sauran sitaci. Sai 77 na minti goma. pH a tsakiyar matakin 63 ya nuna 5.41.

Na ɗaga kwando, na zuba ruwan ɗauraya lita 11 a 76. Cikin minti 20 ya tsane. Lita 26 a 1.042. Kafin tafasa na kwashe ruwan zuwa wani bokiti don kawai in ga gindin: wani siririn fari-fari ne a kwance, na shafa da yatsa ya fita. Na goge, na mayar.

Tafasa minti 75, murfi a buɗe, saboda tsiron Pilsner na sakin wani sinadarin sulfa mai warin dafaffen masara wanda tururi ne ke fitar da shi. Furen hof na Hallertauer Mittelfrüh giram 28, saura minti 60, ɗaci wajen 12 a ma'aunin IBU. Wannan giya ba ta son ɗaci. Lita 21.5 a 1.051. Na sanyaya zuwa 17, na zuba yis.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kumfa ta cika sararin bokiti tun daren Lahadi ta bi ta tiyon da na tanada, ta shiga kwalbar ruwa. Yis ɗin alkama haka yake, a sama yake aiki, kuma yana son sarari. Na riƙe shi a 17 zuwa 18 kwana uku, yau na sake shi ya hau 20 don ya ƙarasa. Jiya firijin da bokitin ke ciki ya cika da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ban damu ba, wannan zuriya ta saba fitar da sulfa a tsakiyar aiki, kuma iskar da ke fita tana tafiya da shi. Nauyi 1.020.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kwana uku a jere 1.011. Ƙarfinta ya kama kashi 5.2 cikin 100. Warin sulfa ya tafi.

Na ɗura a kwalabe masu kauri, rabin lita, da sukari giram 9 a kowace lita. Giram huɗu na ba da wajen ninki ɗaya na iskar gas, giyar kuma ta riga ta riƙe kusan 0.9 daga tsima, jimla ta haura uku kaɗan. Giyar alkama na son gas fiye da sauran, amma siraran kwalabe ba sa ɗaukar wannan matsi, suna iya fashewa. Na jera su a akwati mai murfi, a digiri 20.

Asabar, 8 ga Maris

Na buɗe ta farko. Na karkata dogon kofi na zuba kashi uku cikin huɗu, na juya sauran a kwalba don yis ɗin gindi ya tashi, na ƙarasa. Kumfa fara mai kauri, yatsu uku, kuma har na kai rabin kofi tana nan tana barin zobe a jikin gilas. Ban yi nadamar soke matakin 52 ba. Launi ruwan zinare mai hazo. Kanumfari ne ya fara gaisawa, a bayansa ƙamshin burodi, sai ɗan tsami mai daɗi a ƙarshe. Babu ƙauri ko kaɗan.

Ayaba ce ta yi ƙasa. Tana nan, amma sai giyar ta ɗan huce a hannu take fitowa. Na juya matsalar ke nan daga wannan gefe zuwa wancan.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai. Abu biyu na sauya daga giyoyin bara: na ƙara matakin 44, na kuma tsima a 17 maimakon 21. Sanyi na rage sinadarin ayaba, kuma in ayaba ta ja baya kanumfari na fitowa ko da bai ƙaru ba. Ba zan ba matakin 44 yabo ba sai na raba su. Na mayar da sauran kwalaben firiji.

Asabar, 15 ga Maris

Dahuwa ta uku, ta gwaji. Awo ɗaya, ɓarza ɗaya, ɓuntu ɗaya, sabon yis iri ɗaya, tsima a 17 sannan 20. Bambanci guda: jiƙo a 66 na awa ɗaya, asid tun farko, sai 77. Na bar famfo a kashe minti goman farko kamar wancan karon. Ba toshewa, gindi fes. Ranar aikin ta ragu da kusan awa ɗaya da rabi. Nauyi 1.049.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ta uku ta tsaya a 1.012, na ɗura ta ranar 29 ga Maris, yau ta cika mako biyu a kwalba.

Na yi gwajin kofi uku: biyu giya ɗaya, ɗaya dabam, kofuna masu duhu, ƙanena ne ya zuba ya ɓoye lambobin a takarda. Mu uku muka ɗanɗana, kowa zagaye biyu. Cikin shida, sau huɗu aka cafke bare. Wanda ke cankar banza zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka huɗu cikin shida ya fi canka, amma shida ba yawa ba ne, kuma ta biyu ta girmi ta uku da mako biyar duk da tana firiji. Abin da na fi riƙewa shi ne kalmomin da muka rubuta kafin a buɗe takarda. A kan ta mataki-mataki: kanumfari, yaji, bushewar baki a ƙarshe. A kan ta 66: laushi, ayaba kaɗan, cika baki. Ni ta mataki na zaɓa duka biyun, kuma ita zan ci gaba da yi.

Saura ayaba. Ba na son in ɗaga zafin tsima tukuna, domin zan sake cakuɗa abu biyu. Akwai hanyar da ake jingina wa Markus Herrmann, wanda ya yi bincikensa a Weihenstephan. Yis na ƙara sinadarin ayaba in ruwan tsiro na da gulukos da yawa, wato sukari mafi sauƙi. A cikin tsiro akwai enzayim mai raba maltos gida biyu ya zama gulukos, amma a ƙasa da 45 yake aiki, inda babu maltos tukuna, kuma kafin maltos ya samu a 63 zafi ya kashe shi. Dabarar ita ce a juya tsarin: a jiƙa wani kaso na tsiro a 63 har ya yi zaƙi, a sauko da shi 45 da ruwan sanyi, a zuba sauran ɗanyen tsiro da enzayim ɗinsa a raye, a dakata, sannan a sake hawa. Dakatawar nan a 45 ita ce kuma ta ferulik, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

A tukunyata wahalar tana kashin farko. Lita 3.5 na ƙarƙashin kwando, don haka dole ruwan farko ya isa ya rufe tsiro famfo bai sha iska ba. Na tsara kilo 2 a lita 11, minti 30 a 63. Ruwan sanyi lita 9 a digiri 20 zai sauko da shi wajen 45, in ji lissafi. Jikin tukunya na riƙe zafi, don haka zan ajiye lita biyu a firiji a gefe. Sai kilo 3 da ɓuntu, famfo a kashe minti goma, jimlar dakatawa minti 40. Hawan na biyu shi ne abin tsoro, tunda yanzu ɗanyen gari zai kwanta a gindi cikin ruwan da ya riga ya yi zaƙi. Zan yi shi da wat 800, in ɗaga ɓuntu zuwa giram 300.

Na ɓarza sha'ir da yamman nan, alkama sai da safe. Tef ɗin jikin kwando ya ɓamɓare a wanki, na manna sabo a wuri biyu, ɗaya na lita 11, ɗaya na lita 20.